Raymond Damadian: Ga Kuɗi, Ina Yabo?

Tarihin likitan Amurkan nan, Raymond Damadian, ya daɗe yana ba ni mamaki. A 1971 ya nuna cewa da maganaɗisu ana iya bambanta naman da ciwon daji ya kama da lafiyayye. A 1974 ya sami takardar mallakar wannan fasaha, wadda tana cikin tushen MRI, na'urar leƙa ƙwaƙwalwa ba tare da fiɗa ba. A 1997 kotu ta sa General Electric ya biya kamfaninsa fiye da dala miliyan 128. Amma a 2003 sai aka ba Paul Lauterbur da Peter Mansfield, masu dabarar fitar da hoton, kyautar Nobel, shi kuwa aka tsallake shi. Ashe takarda tana kare haƙƙi, amma ba ta sayen yabo.