Gidan Tarihin Takalma na Bata

A birnin Toronto na ƙasar Kanada akwai gidan tarihi wanda ba a ajiye kome a cikinsa sai takalma da abin da ya danganci sana'arsu. An buɗe shi a shekarar 1995, bisa himmar Sonja Bata, wadda ta soma tara takalman ƙasashe daban-daban tun shekarun 1940. Kayan da ke ciki sun haura 13,000, kuma tarihinsu ya kai shekara 4,500. Maginin, Raymond Moriyama, ya yi wa ginin siffar kwalin takalmi.

Sunan ba baƙo ba ne ga Bakano. Kamfanin Bata, wanda aka kafa a garin Zlin a 1894, shi ne ya bar wa mahadar nan ta kusa da kasuwar Sabon Gari sunanta.

Amma Kano ta riga Bata sanin takalmi. Da Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, ya lissafa takalma cikin manyan hajojin da fatake ke fita da su zuwa ƙasashe masu nisa. Jemammiyar fatar jar akuya kuwa, ratsa Sahara take yi har ta isa Turai, inda aka laƙaba mata sunan Maroko, ƙasar da ta bi kawai. Har yau dukawa na ɗinki a Ƙofar Wambai, Sarkin Kano kuma na sanya takalmin gashin jimina. Sai dai samfurin da tsohon baduku ya mutu da shi, in ba a adana ba, ba mai sake ɗinka shi.