Karate: daga tsibirin Okinawa zuwa hanyar kasuwar Bakin Birji

Bayan shirinmu na wasanni wani uba ya kira ni, ya ce ɗansa ya dame shi sai an sa shi karate, shi kuma tsoro yake kada yaron ya zama ɗan jagaliya. Na ce to, bari mu koma tarihi.

An haifi karate a Okinawa, tsibirin da ke kudancin Japan. A 1609 mayaƙan Satsuma suka ci tsibirin, aka taƙaita wa mutane riƙe makami. Masanan wurin suka haɗa faɗan gargajiyarsu da dabarun da suka samo daga Sin. A 1922 wani malamin lakwal, Gichin Funakoshi, ya nuna shi a Tokiyo, daga baya aka riƙa rubuta sunan da ma'anar hannu wayam, wato hannun da ba ya riƙe da komai. Shi Funakoshi abin da ya fi nanata wa almajiransa shi ne kada su zama masu fara kai duka.

Mu kam ta fim muka san shi. Lokacin muna kolej, duk wanda ya fito daga gidan bidiyo sai ya yi ta harbin iska yana ihu, wai shi Bruce Lee. Ashe ma shi Bruce Lee kung fu ya koya. Haka Alfaga, da ya kawo wa Nijar lambar azurfa daga Rio a 2016, taikwando yake yi, na Koriya. Mu dai duka karate muke ce musu.

Kuma ba mu rasa namu ba. Tun 1975 ake gasar kokowa ta ƙasa, wadda Kantu na Maradi ya fara ɗaukar takobinta a Tawa. Sai dai ɗan kokowa ya san abokin karawarsa, ga alƙali, ga makaɗi. Wanda ya tare ka da dare kana dawowa daga kasuwar Bakin Birji ba ya jiran a busa usur.

A nan amfanin karate yake. Ana koya wa yaro tazarar da zai bari tsakaninsa da baƙo, yadda zai kare kansa daga duka, yadda zai ƙwace hannu in an damƙe shi ya ruga. Ana maimaita motsi ɗaya har jiki ya riƙe, don kada tsoro ya daskarar da mutum. Ni a ganina ƴan matanmu masu zuwa itace da lakwal mai nisa sun fi samari bukatar wannan.

Amma in wuƙa ce ko bindiga, malamin kirki zai ce ka miƙa wayar. Na ce wa uban ya je da kansa ya zauna ya ga darasi guda, ya ji ko malamin yana faɗin haka, kafin ya biya kuɗin wata.