Su wa ke naɗa zakarun damben boksin na duniya?

Saɓanin ƙwallon ƙafa da hukumar FIFA ke jagoranta ita kaɗai, damben boksin na ƙwararru yana da manyan hukumomi huɗu, kowacce da nata kambun.

Mafi daɗewa ita ce WBA, wadda aka kafa a Amurka a 1921. Sai WBC da aka kafa a birnin Meziko a 1963, da IBF a 1983, da kuma WBO a 1988.

Kowace hukuma na jera 'yan dambe bisa ƙwazonsu, tana karɓar wani kaso na kuɗin karawar neman kambunta, tana kuma tilasta wa zakaranta fafatawa da wanda ta zaɓa. Idan ya ƙi, tana iya ƙwace kambun.

Shi ya sa aji guda kan samu zakaru huɗu a lokaci ɗaya.

A watan Mayun 2024 Oleksandr Usyk, ɗan ƙasar Yukren, ya doke Tyson Fury a birnin Riyad, inda ya haɗa dukkan kambunan ajin masu nauyi. Bayan 'yan makonni ya ajiye na IBF, domin ya zaɓi sake karawa da Fury.