Dogon Layi da Raunin Wuta: Waiwaye a kan Lantarkin Sakkwato

A wannan maƙala za mu duba hanyar da wutar lantarki take bi kafin ta iso unguwa irin Ƙofar Taramniya, domin a ganinmu tarihin raunin wuta a Sakkwato tarihin nisa ne.

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. A 1972 aka haɗe hukumar ECN da hukumar madatsun Kwara, aka kafa NEPA. Daga Kainji layi mai kilobolt 330 ya miƙa arewa zuwa Birnin Kebbi, tafiyar fiye da kilomita 300. Daga nan kuma mai kilobolt 132 ya ƙaraso Sakkwato. A 1976 aka ja wani reshe daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, watau tasha guda ta ɗauki nauyin ƙasa biyu.

Masana sun tabbatar cewa gwargwadon tsawon waya, gwargwadon turjiyarta ga wuta, sai abin da za ta iya ɗauka ya ragu. Shi ya sa da magariba, sa'ad da kowane gida ya kunna fitila, ƙwai kan yi ja, injin markaɗe ya yi gurnani ya kasa tashi, taransifoma kuwa a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan ba. Ƙasar Suwidin, wadda madatsunta suke arewa, manyan biranenta suna kudu, ta soma jera kafasita a tsakiyar dogayen layukanta tun shekarun 1950. Kafasitar takan soke wani kashi na turjiyar, sai layin ya zama tamkar an rage masa tsawo ba tare da an kafa turke ko ɗaya ba. A 1998 aka girka wata na'ura a tashar Inez ta Amurka wadda take iya karkata wuta daga wannan layi zuwa wancan.

To amma a ina za a ajiye? Nan ne muke jayayya da masu ɗokin sayen sabon abu. Na'urar karkatarwa ba ta da amfani sai inda hanya ta rabu biyu, kuma kowace tana da sauran wuri. Hanya ta biyu da Sakkwato take da ita, ta Talata Mafara da Gusau, ita ma doguwa ce mai kilobolt 132. Saboda haka abin da ya fi dacewa da mu shi ne na'urar tallafa ƙarfin wuta a wutsiyar layi, kusa da masu amfani da ita, sa'an nan kafasita a kan dogon zangon.

Sauye-sauyen hukuma daga 2005 zuwa 2013 sun bar manyan layuka a hannun TCN, rabon wuta a Sakkwato kuma ya koma hannun kamfanin Kaduna. Ga shi kuwa wannan shawara tana bukatar ma'aunin ɓangarorin biyu.