Kiwon Lafiyar Matasa: Ɗabi'un da Ake Kafawa Tun Ƙuruciya

Gabatarwa

A wannan shafi mun tattaro bayani ne a kan ɗabi'un da ya kamata samari da 'yan mata su riƙa tun daga shekara 18 zuwa 30, domin amfanin jama'armu na karkara, da kuma hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi. Cututtukan da ke kwantar da magidanta idan shekaru suka ja, irin su hawan jini, ciwon sukari, ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki, sukan yi shekaru suna ginuwa a jiki ba tare da wata alama ba. Idan suka kayar da mai gida, gona kan zauna babu noma, a sayar da dabbobi wajen neman magani, wani lokaci har a cire yara daga makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abinci

Abincinmu na gado yana da inganci matuƙar an haɗa shi yadda ya kamata. Gero, dawa da acca suna ba da ƙarfi. Wake, gyaɗa, nono, ƙwai da kifi suna gina jiki. Zogale, rama, kuka, alayyafo da kabewa kuwa suna ba da sinadaran da ke tsare jiki daga cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kowace rana.

Abubuwa uku muke jan hankali a kansu. Na farko gishiri: kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi, domin yawansa yana haddasa hawan jini. Daddawa, albasa, citta da tafarnuwa suna gyara miya ba tare da an cika gishiri ba. Na biyu sukari: an so kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, alhali lemon kwalba guda mai santilita 50 kan ƙunshi kusan wannan adadi. Na uku, gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba da ke lalata hanta, har ta kai ga ciwon daji. Saboda haka a busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a rumbu.

Motsa jiki da barci

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020 ita ce, baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Manomi yakan wuce haka da damina. Inda matsalar take shi ne da rani, lokacin da matasa da yawa ke yini a zaune a majalisa, haka nan masu tsaron shago, 'yan acaɓa da matan da ba su cika fita ba. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ta cika mafi ƙarancin adadin. Hawan keke, ƙwallo, daka da ɗiban ruwa duk suna ciki. Ƙashin mutum yana kaiwa iyakar ƙarfinsa ne a wajajen shekara 30, don haka abin da aka gina kafin nan shi ake ci da tsufa.

Barci kuwa, baligi yana bukatar aƙalla sa'a 7 a dare. Raba dare a gidan kallo ko a kan waya yana rage kuzari, yana kuma jawo haɗari a hanya.

Taba da ƙwayoyi

Mafi yawan masu shan taba da ƙuruciya suka fara, kuma taba tana iya kashe kusan rabin waɗanda ba su daina ta ba. Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa ta 2015 ta haramta sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Shisha ma taba ce, ruwan da hayaƙin ke ratsawa ba ya kawar da gubarta.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda. A 2018 ɗin ne Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Muna sane cewa wasu matasa kan sha tiramol don jure aikin gona ko ƙwadago. Wannan ƙwaya tana ɓoye gajiya ne kawai, sannan tana jawo farfaɗiya, ga shi idan jiki ya saba barinta yakan yi wuya. Wanda ya riga ya kamu magani yake bukata, a kai shi asibiti maimakon a ɗaure shi.

Gwaje-gwajen da suka wajaba

1. Awon jini: hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba. Idan awo ya nuna 140/90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, a ga ma'aikacin lafiya.
2. Gwajin jinsin jini kafin a sa rana: idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na haifar mai sikila.
3. Gwajin ciwon hanta nau'in B: a 2004 ne aka shigar da rigakafinsa cikin alluran yara a Nijeriya, don haka mafi yawan waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Wanda gwaji ya nuna ba ya ɗauke da cutar zai iya karɓar allurar.
4. Gwajin cutar ƙanjamau, wadda yanzu akwai maganin da ke danne ta.

Mata matasa

Mai juna biyu ta fara zuwa awo tun cikin wata ukun farko, ta riƙa shan maganin ƙarin jini, ta karɓi allurar rigakafin sandarewar jiki, ta kuma kwana cikin gidan sauro. An so a sami tazarar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin. Haka kuma a watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara ba 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa, kyauta.

Nauyin da ke kan shugabanni

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su tabbatar kowace cibiyar lafiya a matakin farko tana da na'urar awon jini mai aiki, su kuma ware ma'aikacin da zai riƙa awo a ranakun kasuwa. Hakimai da dagatai su kare filayen wasan matasa daga masu yanka filaye, su kuma sanar da hukumar NDLEA duk inda ake sayar da ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba. Limamai da malaman coci su nemi shaidar gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa. Kwamitocin lafiya na mazaɓu su sanya samari da 'yan mata a cikinsu.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi cibiyar lafiya mafi kusa da shi, ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa.