Bahaushiya (kundin waƙoƙin bidiyo)

Bahaushiya kundin waƙoƙin bidiyo ne na mawaƙi kuma ɗan fim Adam A. Zango, wanda ya fito a shekarar 2007. Salon kiɗan na zamani ne, amma raye-rayen 'yan matan da ke ciki da irin shigarsu su ne suka jawo ce-ce-ku-ce.

Kundin ya faɗo a mugun lokaci. A shekarar ne bidiyon batsa na wata 'yar fim ya bazu a wayoyin hannu, sai gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta tsaurara matakai, ta damƙa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a hannun Abubakar Rabo Abdulkarim. An kama Zango bisa zargin sakin kundin ba tare da an tace shi ba, da kuma saɓa wa tarbiyya. Kotu ta yanke masa ɗaurin wata 3 haɗe da tara.

Da ya fito sai ya koma Kaduna da aiki, ya mayar da martani da waƙar "Oyoyo". Ita ma ba ta tsira ba, tana cikin waƙoƙi 11 da kotu ta haramta a Kano a 2009.