Ƙafar Gada da Abin da Ruwa Ke Ɗaukowa

Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta yi daidai da 8 ga Zulhajji 1430, alhazai na haramar fita Mina, sama ta buɗe a kan Jidda. Cikin 'yan sa'o'i aka yi ruwan da ya haura na shekara guda. Mutum sama da 100 suka rasu. Idan kana garin a lokacin, ba sai na tuna maka Ƙuwaiza ba, ko ramin titin Sarki Abdullah da ya cika maƙil da motoci a ciki. Idan kuwa kana gida Kano ko Maraɗi, wataƙila hoto kawai ka gani: motoci sun hau kan juna kamar an tara itacen girki.

To, wannan tarin motocin nake so ka ƙara duba. Ba ko'ina suka taru ba. Duwatsu na gabas da Jidda, teku na yamma, babban titin Haramaini kuma ya ratsa tsakani daga kudu zuwa arewa. Duk ruwan da ya gangaro daga kwaruruka, dole ya bi ta ƙarƙashin titi, ta kwalbatoci da tsakanin ƙafafun gadoji, waɗanda mu nan muke ce wa kubri. Ruwa tsura zai wuce abinsa. Amma ruwan ambaliya ba ya zuwa hannu rabbana. Ya ɗauko mota, ya ɗauko tankin ruwa, katifa, firji, tubalan gidan da ya rusa. Mota ɗaya ta gitta a bakin kwalbati, ta biyu ta jingina da ita, shara ta cike 'yan kafofin da suka rage, shi ke nan an yi dam ba da niyya ba. Ruwa ya koma baya ya shiga gidajen mutane. Wanda ya samu ya kurɗa kuma sai ya fita da ƙarfi, yana ƙwaƙule ƙasar da ƙafar gada ke tsaye a kai. Mu ma'aikatan jinya mun san irin wannan a jijiya: gudan jini kaɗan ya tsaya, sauran su taru a bayansa.

Sakkwatawa sun ɗanɗana tasu bayan wata goma. A Satumba 2010 ambaliya ta cinye gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai da sojoji suka shimfiɗa ta wucin gadi mai yawo a kan ruwa.

A wasu ƙasashen kuwa, abin da ruwa ke kawowa jirgi ne sukutum. Mu 'yan Karantina ba baƙin jirgi ba ne. Sunan unguwar ma daga wurin killace alhazan da suka sauka ta teku ya samo asali, ga tashar jiragen ruwa nan a gefenmu da tulin kwantenoni. Jirgi ba shi da birki irin na mota. In ya ƙwace, sai abin da ya tare shi.

Ranar 9 ga Mayu 1980, cikin hadari da iska, wani jirgin dakon kaya mai suna Summit Venture ya daki ƙafar gadar Sunshine Skyway a jihar Fulorida ta Amurka. Wani sashe na gadar ya rufta da motoci har da bas cike da fasinja, mutum 35 suka mutu. Da aka buɗe sabuwa a 1987, sai aka yi mata masu gadi. An dasa wasu manyan gine-ginen kankare cikin ruwa, kewayayyu kamar rumbuna, nesa kaɗan da ƙafafun, aka kuma tara duwatsu kamar tsibiri a gindin manyan ginshiƙan. Jirgin da ya kauce hanya zai fara cin karo da rumbun, ko cikinsa ya kafe a kan duwatsu, ƙarfinsa ya ƙare kafin ya kai ga ƙafa. A 1991 Amurka ta fitar da ƙa'idar gina gadoji da lissafin bugun jirgi.

Sai dai ƙa'ida ta zo ta tarar da tsofaffin gadoji a tsaye. Gadar Francis Scott Key ta birnin Baltimo an buɗe ta tun 1977, lokacin jirage ba su kai girman na yau ba. Daren 26 ga Maris 2024 wutar jirgin Dali ta ɗauke, mai tsawon kusan mita 300, ya tafi kai tsaye ya daki ƙafa ɗaya. Cikin daƙiƙoƙi gada ta kwanta. 'Yan sanda sun samu sun tsayar da motoci, amma leburori shida da ke cike ramukan titi a kanta ba su tsira ba. Dukkansu 'yan ci-rani ne daga Meziko da ƙasashen tsakiyar Amurka. Wannan ya tsaya mini a rai, don na san su wa ke aikin dare a kan titi a kowace ƙasa.

Mu dawo Jidda. Bayan musibar 2009 Sarki Abdullah ya ba da umarnin bincike da diyyar riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci. Kafin a gama gyara, ruwa ya sake dawowa ranar 26 ga Janairu 2011, ya kashe mutum 10. Daga nan ne aka ɗauki abin da gaske, aka sa kamfanin Aramco kula da aikin. Dabarar ba ta da nisa da ta Fulorida: a tare abu tun bai iso ba. Aka gina madatsun ruwa a bakin kwarurukan gabas, ciki har da na Ummul Khair da Biriman da Gulail, aka faɗaɗa manyan magudanai zuwa teku. Madatsa tana riƙe ruwa ta sake shi kaɗan-kaɗan, duwatsu da tarkace kuma su tsaya a bayanta.

Ranar 24 ga Nuwamba 2022 aka auna milimita 179 a kudancin Jidda cikin sa'o'i shida, fiye da na 2009 nesa ba kusa ba. Mutum biyu aka ba da sanarwar sun rasu. Motoci dai sun sake hawa kan juna a cikin unguwanni, don madatsa ba ta da iko da ruwan da ya sauka cikin gari, balle tsohuwar katifar da aka wurga a kwata da dare.